Ƙwaƙwalwar Mota a Cikin Kula

Motar ta surukina ce, mahaifin Malam. A-kori-kura ce irin ta da, wadda aka ce fara ce lokacin ƙuruciyarta. Da ita ya yi ta ɗauko busasshen kifi daga Guri zuwa Haɗeja har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ko bayan rasuwarsa, in rana ta buɗe, kujerar takan tuno da kifin. 'Yan'uwa suka bar wa Malam ita, don shi kaɗai ne bai ce a kira 'yan gwangwan ba.

Malam maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Gyaran rediyo ya koya. Da rediyo ta ja baya ya koma talabijin, daga nan waya da fitilun sola. Ba shi da yawan magana. In ya dubi abu ya ce, "Bari mu gani," to wannan abin ya rabu da murfinsa ke nan.

Ciwon motar a kafireta yake, wato ƙarfen nan da ke gauraya mai da iska ya ba inji. Ta cinye, ta koma tana zubar da mai kamar tulu mai huji. Da man fetur ya yi tsada sai aka jingine motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai.

Da ba don Iya ba, da can za ta ƙare. Iya mahaifiyar Malam ce, tare muke zaune. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, Mai Rediyo take ce masa. Tun da ta taɓa yin amai a wata bas a hanyar biki ta yanke hukunci cewa motocin zamani ba su da iska, ba ta kuma shiga wata mota ba in ba ta mijinta ba. Tana da yaya mace guda ɗaya da ta rage mata, a wani ƙauye gaba da Guri, idonta ya tafi, jiki kuma ya yi nisa. Duk wanda ya fito daga can sai ya zo da saƙo iri ɗaya: a gaya wa ƙanwata, in tana son ta same ni, ta zo bana. Hanyar ƙauyen kuwa da damina ta nutsa kogi ya kawo, ruwa ke rufe ta, ba ta buɗewa sai bayan kaka.

Malam ya ce zai ɗauko shatar mota mai kyau.

Iya ta ce, "In motar Alhaji ta tashi, zan je. In ba ta tashi ba, Allah bai nufa ba."

Ya ce, "Bari mu gani."

Na ce masa ya nemo wata kafiretar mana ya ɗaura. Ya ce ya nema har Kano, duk wadda ya samu tsarar tamu ce, ciwonsu ɗaya. Amma ya ga wasu mutane a waya, a wata ƙasa mai nisa, suna cire ta ɗungum su sa injekta, irin ta motocin yanzu, mai fesa wa inji mai daidai cikinsa. Injekta kuma ba ta aiki sai da ƙwaƙwalwa, abin da makanikai ke ce wa birenbos. Su waɗancan mutanen da hannunsu suke haɗa tasu.

Na ce, "Malam, su ai ƙila injiniyoyi ne."

Ya ce, "Na ga hannunsu wajen narka dalma. Na fi su."

Ban taɓa jin ya yabi kansa ba sai ranar.

Da bazara aka fara. Ya sayo nozul da famfon mai daga wata mota da ta yi hatsari, ya kai wa mai walda bututun inji aka huda aka liƙa. Zaure ya cika da wayoyi, ja da baƙi da ɗorawa, har baƙo in ya yi sallama sai an gaya masa inda zai taka. Ƙwaƙwalwar kanta wani ɗan allo ne kore, bai wuce tafin hannuna ba. Ya yi ta sunkuyawa a kansa da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Makanikan bakin tasha suka ji labari suka riƙa zuwa kallo. Wani ya ce, "Malam, tsohuwa ake yi wa lalle?" Wani ya ce ko jaki aka sa wa ƙwaƙwalwar likita, kaya zai ɗauka. Malam yakan ba su wuri su zauna, ya ci gaba da aikinsa.

Da allon ya haɗu sai aka rasa gidan da za a sa shi. Yana tsoron ƙura, yana tsoron ruwa, yana tsoron zafin inji. Malam ya shigo cikin gida yana dube-dube, na kuwa san wannan duban. Idonsa ya sauka kan kulata, shuɗiya mai furanni, wadda nake kai abinci gidan suna da ita.

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Abin da ke hana zafi fita, zai hana shi shiga."

Ya huda gefenta, ya zura wayoyi, ya toshe hujin da gam. Ya kwantar da allon a ƙasa, ya rufe da soso da baƙar leda. A ƙarshen wayoyin ya sa soket, yadda zai iya cire kular ya tafi da ita. Ƙofofin motar ba sa kulluwa, amma ya ce yanzu ko ɓarawo ya kwana a ciki ba zai tayar da ita ba, hankalinta na hammatarsa. Haka mutanen unguwa suka saba ganinsa yana tafiya masallaci da kula. Liman ya taɓa tambayarsa ko sadaka ce.

Ashe ƙwaƙwalwar wofi take zuwa, sai an koya mata. Sai an gaya mata yawan man da za ta ba inji in mota na tsaye, in tana gudu, in tana hawa tudu. Wannan kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta. Ya aro tsohuwar kwamfuta wurin wani abokinsa, ya gwada da makaniki guda, suka dawo ba sa magana da juna. Sai ya ce ni.

Na ce firamare kaɗai na gama.

Ya ce, "Maɓalli biyu ne. Wannan ƙari, wannan ragi. Kin fi shi jin magana."

Bayan la'asar mukan fita bayan gari, ta gefen gonakin shinkafa. In motar ta shaƙe ya ce, "Ƙara mata." In ta yi baƙin hayaƙi ya ce, "Rage." Wani lokaci ta yi harbi ta salansa, awaki su watse, mai keke ya faɗa kwalbati. Na fara gane muryarta, har nakan danna kafin ya yi magana, shi kuma sai ya gyaɗa kai bai dube ni ba. A duk zamanmu ban taɓa zama gaban mota da shi ba sai a wannan lokacin. Ba mu yi wata hira ba. Ƙara mata, rage. Yanzu in na zauna ni kaɗai, wannan ce hirar da ta fi dawo mini.

Ruwan sama ya sauka, shuka ta yi kyau, masunta suka fara cewa kogi na motsi. Malam ya ce wa Iya mota ta shirya. Ta fito da sandarta ta tsaya. Ya murɗa makulli sau ɗaya, motar ta tashi, tana ƙara a hankali kamar mage.

Iya ta ce, "Wannan ba motar Alhaji ba ce."

"Ita ce, Iya."

"Ina tarin? Motar Alhaji sai ta yi tari uku, an tura ta, an zage ta. Ina warin mai? Mai Rediyo, ka sayar da ita ka kawo mini wata."

Ni ce na buɗe mata ƙofa na ce ta sunkuya ta shinshina kujera. Ta shinshina, ta daɗe, sannan ta ce a ɗauko mata mayafinta.

Washegari da safe muka tashi. A baya an loda tsaraba: shinkafa, sabulu, turmin atamfa, goro, da wani ɗan akuya da Iya ta ce ba za ta shiga wa yayarta hannu rabbana ba. A gaba Malam na tuƙi, Iya a tsakiya, ni a bakin ƙofa, kula a ƙarƙashin ƙafafuna. Akwai hadari a gabas amma yana nesa. Motar ta yi tafiyar da ban taɓa ji ba. Malam ya riƙa duban allurar mai, ita kuwa ta ƙi sauka, ya yi ta gyaran murya don mu lura.

Bayan mun bar kwalta mun hau burji akwai ƙauyen ɗan kawun Malam, taubashinsa. Malam ya so mu wuce, mu tsaya a dawowa.

Iya ta ce, "In wuce ƙofar ɗan ɗan'uwana kamar ɓarauniya? Gobe a ce na shiga motar lantarki na daina gaisuwa."

Muka tsaya. Malam ya cire kula kamar yadda ya saba, ya shiga zaure da ita. Taubashin ya tare shi da, "Bawana, ka iso? Ashe har yanzu kai ake aike da kwanon abinci." Suka zauna gaisawa, ya ajiye kular a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Ni kuma na kama Iya muka shiga, na kai ta bayan gida, na zuba mata ruwa, na tsaya jiranta. Iya ba ta gaggawa.

A tsakanin nan matar gidan ta leƙo zaure ta ga kular baƙi. A wajenmu kwanon da ya shigo gida ba ya fita wayam, ko da ƙuli-ƙuli ne sai an jefa. Ta ɗauka ta shiga madafa. Ta buɗe, ta ga baƙar leda a ƙasa da waya ta fito ta gefe. Daga baya ta gaya mini abin da ta ayyana: irin kular nan ce ta 'yan birni da ake jona wa wuta don kada abinci ya huce. Ta yaba a ranta. Ranar kuwa an kamo tarwaɗa, ta yi miya da daddawa da attarugu. Ta cika kular har wuya, ta rufe, ta goge gefen, ta mayar inda ta same ta.

Muka yi sallama. Malam ya sunkuya ya ɗauki kula. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga ta, ya sauke, ya taɓa murfin. Ya buɗe. Tururi ya taso, kan tarwaɗa na kallonsa.

Matar gidan tana daga bayan labule ta ce, "Ba yawa, Yaya. A taɓa a hanya. In kun jona ta ai za ta kai ku da zafinta."

Na dubi Malam. Aikin bazara guda da rabin damina yana ƙarƙashin miya. Sannan ya ce, "An gode. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara buɗi."

Ta ce amin.

Da taubashin ya fahimci abin da ya faru, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Matarsa ta fara kuka, Iya ta ce ta yi shiru, ita ta yi abin da aka koya mata, wanda ya sa hankalin mota a kwanon miya shi za a tambaya. Aka kawo akushi aka juye miyar. Ba a zubar da abinci, don haka aka tuƙa tuwo, maza suka ci a zaure, mu muka ci a ciki. Miyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Malam ma ya ci. Ya ce ba zai iya tunani da yunwa ba.

Ya zaro allon. Leda ta tare wani abu, amma mai da romo sun shiga ta gefe. Ya nemi ruwa mai tsabta ya ɗauraye, ya tsiyayi fetur a murfin kwalba, ya tauna asawaki har bakinsa ya yi laushi, ya riƙa bin ƙafafun allon ɗaya bayan ɗaya. Taubashin na tsaye a kansa.

"Bawana, a sa mata gishiri ko ya ji?"

"Matsa mini daga haske."

"Motar kawu da can ko a kogi ta faɗa, a busa mata baki ta tashi. Kai ka kai ta makaranta, ga shi cokali ɗaya na miya ya kayar da ita."

Malam ya gama gogewa. Ya ɗora allon a faifai ya kai rana, aka sa ni korar kaji. Ranar kuwa ta fara wasan ɓuya, hadarin gabas ya matso. Wani mai babur da ya fito daga wajen Guri ya tsaya shan ruwa, ya ce ruwa ya fara hawa hanya a can gaba, in za mu wuce mu wuce yau. Iya ta ji. Ta ɗauko carbinta. Tun da muka fito ban ga tsoro a fuskarta ba sai lokacin. Malam ma ya gani. Ya ɗauki faifan ya shiga madafa, inda namiji baƙo ba ya shiga, ya tsuguna ya riƙe allon a saman toka mai ɗumi, yana juya shi kamar mai gasa masara.

Bayan azahar ya ce ko ya bushe ko bai bushe ba, lokaci ya yi. An wanke kula an goge. Ya mayar da allon, ya jona, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari. Ya sake, ta sake tari. Taubashin ya kira maƙwabta, ya ce ku zo mu yi mata irin ta da. Suka tura, Malam ya saki kuloci, ta yi harbi, ta tashi da wani baƙin hayaƙi da ya rufe ƙofar gidan.

Malam ya leƙa kwamfuta. Ya ce wani sashe ya lalace, wanda ke gaya mata zafin inji. Yanzu ta ɗauka kullum asubar hunturu ce, don haka za ta yi ta ɗura mai ba ƙaƙƙautawa. Na danna ragi, ba ta ji ba.

Iya ta ja numfashi ta cika ƙirji. Ta ce, "Yauwa. Yanzu na ji motar Alhaji. 'Yar nan ta gyara abin da ka ɓata."

Haka muka tafi muna hayaƙi kamar masu ƙona gawayi. Allurar da ta ƙi sauka da safe ta riƙa gangarowa muna kallo. Duk inda muka ga mai sayar da fetur a kwalba sai mun tsaya, Malam ya cire hularsa ya tace man da ita, don injekta ba ta son datti. Ɗan akuya yana kuka a baya. Yayyafi ya fara. Muka wuce Guri ba mu gaisa da kowa ba, Iya ma ba ta ce a tsaya ba.

Gaba kaɗan hanya ta ƙare. Ta gangara ta shige ruwa, ba ta fito ba. Daga nan har inda ido ya kai ruwa ne da doguwar ciyawar kacalla, can ƙetare kuma ga giginyoyin ƙauyen, ga rufin ɗakuna. Malam ya kashe mota. Ya fita ya tsaya a bakin ruwan, ya sa ƙafa ya gwada, ya dawo. Ya tsuguna ta wajen taga.

Ya ce, "Iya, ki yafe mini. Ban kawo ki ba."

Iya tana duban wani wuri. Wani masunci ne ke fitowa daga cikin kacalla da kwalekwale. Ta ce in matsa mata. Ta sauko, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗaga sanda ta yafito shi.

Malam ya ce, "Iya, jirgi za ki shiga?"

"A jirgi aka kai ni gidan ubanka."

"Ai na ɗauka ba kya shiga komai sai motar nan."

"Mota na ce. Wa ya tambaye ni jirgi?"

Masuncin ya ɗauke mu ni da Iya da tsaraba da ɗan akuya. Malam ya tsaya zai juya mota ya hau da ita tudu, don ruwan na ƙaruwa.

Mun sami yayar Iya a ɗaki, a kan tabarma, an jingina ta da bango. Ta rame har ban gane ta ba. Iya ta yi sallama. Tsohuwar ta miƙo hannu, ta shafa fuskar Iya daga goshi zuwa haɓa.

Ta ce, "Kin tsufa."

Iya ta ce, "Ke da ba kya gani?"

"Hannu ai yana gani. Sai yanzu kika ga dama?"

"Mota ce ta tsaya cin tuwo."

Suka riƙe hannun juna suna ta faɗa a kan wadda ta fi daɗewa ba ta nemi 'yar'uwarta ba. Na fita na ba su wuri. Da na koma in ce mu tafi kafin duhu, Iya ta riga ta kwance ƙullin kayanta. Ta ce in gaya wa Mai Rediyo ya zo ya ɗauke ta in ruwa ya janye. A can ta yi sauran damina. Tana wajen lokacin da yayarta ta cika, gab da kaka, ita ta rufe mata ido. Malam kuma damina ɗaya ya ƙara gani bayan wannan.

Masuncin ya dawo da ni ni kaɗai. Malam na tsaye a tudu, rigarsa ta jiƙe, hular da ke kansa na warin fetur. Na gaya masa saƙon Iya. Ya tambaya ko sun gana, na ce sun gana, har sun fara faɗa. Ya ce alhamdulillahi, ya juya ya daɗe yana goge gilashin da ruwan sama ya riga ya wanke.

Muka kamo hanyar gida, shi a sitiyari, ni a bakin ƙofa. Iya ba ta nan, amma muka bar mata wurinta a tsakiya har Haɗeja.